Hukuncin Yi Wa Gidan Haya Inshora, Da Yadda Mai Gida Zai Samu Wadda Ta Halatta

Tambaya

 Ni mutumin Ketare ne ta ƙaramar hukumar Ƙanƙara, amma sana'a ta zaunar da ni da iyalina a Funtuwa. Ina da gida na bulo a Ketare, na ba magidanta biyu haya, kuma da kuɗin hayar nake biyan kuɗin makarantar yara. Ina tsoron gobara da iskar farkon damina, ga kuma halin tsaro da ake ciki. Wasu sun ba ni shawara in yi wa ginin inshora, wasu kuma sun ce haramun ce. Mene ne hukuncinta? Idan akwai ta halal, ta yaya zan same ta? Kuma ya halatta in ɗora wa 'yan haya kuɗinta?

Taƙaitacciyar amsa

Inshorar kasuwanci haramun ce a wurin mafi yawan malaman wannan zamani. Wadda ta halatta ita ce ta taimakekeniya, wato takaful, kuma akwai kamfanoninta masu lasisi a Najeriya. Kuɗinta yana kan mai gida, domin asarar ginin a kansa take. Kafin ka biya, wajibi ne ka faɗi gaskiyar halin gidan, kuma ka san abin da yarjejeniyar ta ɗauka da abin da ta cire.

Amsa

 Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Na farko: neman kariya ga dukiya bai saɓa wa tawakkali ba

Ka sani, Allah Ya yi maka albarka, tsoron da kake yi wa gidanka ba raunin imani ba ne. Kiyaye dukiya yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsarewa, tare da addini da rai da hankali da zuriya. Tirmizi ya ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, cewa wani mutum ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai ya umarce shi da ya ɗaure ta sannan ya dogara. Saboda haka babu laifi a cikin neman kariya. Abin dubawa shi ne irin yarjejeniyar da za a ƙulla don samun ta.

Duk abin da zai zo a ƙasa ya shafi mace kamar yadda ya shafi namiji. Mata da yawa suna da gidan da suka gada ko suka saya suka zuba 'yan haya, kuma hukuncin ɗaya ne.

Na biyu: hukuncin inshorar kasuwanci

Surarta ita ce: ka ba kamfani wani kuɗi sananne kowace shekara, kuɗin ya zama mallakinsa, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyan ka diyya idan gidan ya ƙone ko ya rushe. Idan shekara ta ƙare lafiya, kuɗinka ya tafi. Malaman da suka haramta ta sun kafa hujja da abubuwa uku.

Na ɗaya, garari, wato rashin sanin abin da ciniki zai haifar. A ranar da ka sa hannu, kai ba ka san ko za ka karɓi wani abu ba, kamfani ma bai san nawa zai biya ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana cinikin da ke da garari.

Na biyu, kama da caca. Ribar ɗayanku tana rataye da asarar ɗayan, kuma abin da zai raba gardama wani lamari ne da babu wanda ya san ko zai auku. Allah Ya haramta caca a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida.

Na uku, riba. Musayar kuɗi da kuɗi ce tare da fifiko da jinkiri, domin mai yiwuwa ka biya dubu 50 ka karɓi miliyan 5 bayan watanni. Ƙari a kan haka, waɗannan kamfanoni suna juya kuɗin mutane a wuraren da ake ba da ruwa.

Mas'alar ba sabuwa ba ce. Ibn Abidin, babban malamin Hanafiyya na Dimashƙu wanda ya rasu a 1836, ya tattauna inshorar kayan jiragen ruwa da 'yan kasuwar Turai suka shigo da ita, kuma ya tafi a kan cewa bai halatta Musulmi ya karɓi diyyarta ba idan a ƙasar Musulunci aka ƙulla ta. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta haramta inshorar kasuwanci a zamanta na farko a shekarar 1398 bayan Hijira. Haka nan Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin Disambar 1985, ta yanke cewa akwai garari babba a cikinta mai ɓata ciniki, kuma madadinta shi ne inshorar taimakekeniya.

Adalci ne a faɗa maka cewa akwai saɓani. Shaihu Mustafa Zarƙa, malamin Siriya wanda ya rasu a 1999, ya halatta ta, kuma shi ne ya saɓa wa sauran malamai a zaman Makka. Hujjarsa ita ce abin da mutum yake saya kwanciyar hankali ce, kuma yana samun ta tun ranar da ya biya. Sai dai maganar jamhuru ta fi ƙarfi, kuma ta fi kuɓutar da mutum, musamman da yake akwai hanyar da ba a yi saɓani irin wannan a kanta ba.

Na uku: takaful da abin da ya bambanta shi

A takaful, masu gidaje da masu dukiya suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar gudummawa, a kan duk wanda masifa ta auka wa a cikinsu za a ɗebo a taimaka masa. Garari yana ɓata cinikin da aka ƙulla don musaya, amma ana sassauci a kansa a abin da aka bayar kyauta, kuma Malikiyya ne suka fi kowa bayyana wannan ƙa'ida.

Asalinsa yana cikin umarnin Allah na taimakon juna a kan alheri da taƙawa a aya ta 2 cikin Suratul Ma'ida. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yabi Ash'ariyyawa, domin idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai. Mu ma a ƙasar Hausa mun san gayya a gona, da gudummawar da ake haɗa wa wanda gobara ta cinye wa rumbu ko shago. Takaful tsara wannan ne a rubuce, a tara kuɗin tun kafin masifa ta zo.

Takaful na gaskiya yana da alamomi kamar haka. Asusun mahalarta a ware yake da dukiyar masu kamfani. Kamfani wakili ne, yana karɓar ladan da aka ambata tun farko, ko wani kaso na ribar juya kuɗin. Ba a juya kuɗin sai a halal, kamar sukuk, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017. Idan an samu rara bayan biyan diyya, haƙƙin mahalarta ne bisa sharuɗɗan da aka rubuta. Idan asusu ya gaza, kamfani yana ba shi rance marar ruwa. Sannan akwai kwamitin malamai da ke sa ido a kan ayyukan.

Kamfanin farko na irin wannan an kafa shi a Sudan a 1979, ƙasar Malesiya kuma ta yi masa doka a 1984. A Najeriya, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma a 2016 ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Daga baya Salam Takaful da Hilal Takaful suka biyo. Ambaton sunayensu bayani ne kawai, ba shaida ce ga kowace yarjejeniya da suke bayarwa ba. Kai ne za ka duba wadda aka miƙo maka.

Na huɗu: dokar ƙasa da hukuncin wanda aka tilasta

Sashe na 65 na Dokar Inshora ta 2003 ya wajabta inshora a kan gine-ginen da jama'a ke amfani da su, kuma ya lissafa gidan da ɗan haya ke ciki. Manufarsa ita ce a samu abin biyan wanda ya mutu, ko ya ji rauni, ko ya rasa dukiya saboda rushewa ko gobara ko guguwa ko ambaliya. Kafin a maye gurbin wannan doka, hukuncin da ta tanada ga wanda ya saɓa shi ne tarar naira dubu 100, ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun. A 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbinta, kuma ita ma ta riƙe wajabcin inshorar gine-ginen jama'a.

Ka lura da bambanci a nan. Akwai kariyar da ke biyan haƙƙin wasu idan gininka ya cutar da su, akwai kuma wadda ke biyan ka kuɗin sake gini. Ka tambayi kamfani wacce ce doka ta ɗora wa gida irin naka, kuma ko takardar da za su ba ka ta haɗa duka biyun.

Wanda hukuma ta tilasta masa inshorar kasuwanci, kuma bai samu takaful ba, babu laifi a kansa, amma ya tsaya a iya abin da aka tilasta, domin lalura ana auna ta da gwargwadonta. Idan diyya ta zo masa, malamai sun yi saɓani. Da yawa daga masu haramtawa sun ce ya ɗauki daidai abin da ya zuba, ya ba da sauran ga mabuƙata, wasu kuma sun halatta masa duka idan asarar ta kai haka. Amma kai da kake iya kaiwa ga takaful, ko da ta waya ne ko ta hannun wakili, ba ka cikin wannan lalura. Nisan Ketare daga ofishin kamfani ba uzuri ba ne matuƙar ana iya cike takardu daga Funtuwa ko Katsina ko Zariya ko Kano.

Na biyar: wa zai biya, mai gida ko ɗan haya?

Gidan haya amana ne a hannun ɗan haya. Idan ya lalace ba tare da ta'adi ko sakaci daga gare shi ba, ba ya biya. Ibn Abi Zaid ya tabbatar da wannan ƙa'ida a cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukanmu. Kai kake cin amfanin mallaka, don haka asarar ginin a kanka take, kuma kuɗin kare ginin ma a kanka yake. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta faɗi haka a zamanta na Riyad a shekarar 2000, lokacin da take bayanin hayar da ke ƙarewa da mallaka: inshorar ta zama ta taimakekeniya, kuma mai dukiya ne zai ɗauki nauyinta.

Abin da ya halatta gare ka shi ne, idan za ku ƙulla sabuwar haya, ka lissafa wannan ɗawainiya a ranka, ka faɗi kuɗin haya guda ɗaya sananne, ɗan haya ya yarda ko ya ƙi. Bai halatta ka zo a tsakiyar shekara ka ce su kawo kuɗin inshora bayan kun riga kun daidaita ba. Kuma ka ji tausayi wajen ƙari, domin da yawa daga masu neman haya a garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mutane ne da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu.

Idan gidan ya ƙone ko ya rushe har ba ya zaunuwa, haya ta warware, kuma wajibi ne ka mayar wa ɗan haya kuɗin watannin da bai zauna ba. Wanda ya biya naira dubu 120 na shekara, gida ya lalace bayan wata 4, yana bin ka dubu 80, ko kamfani ya biya ka ko bai biya ba. Idan kuma ta tabbata sakacinsa ne ya jawo gobarar, kamar ya ajiye fetur kusa da murhu, to shi ne mai lamuni. Sai dai ba za ka karɓi cikakkiyar diyya daga asusu sannan ka sake karɓar wata daga gare shi a kan asara ɗaya ba.

Ka kuma sanar da 'yan haya cewa kariyar gini ba ta shafi kayansu. Gado da katifa da buhunan masara da kayan ɗakin mata, duk mai so sai ya yi nasa takaful daban.

Na shida: matakan da za ka bi

Ka fara tabbatar da cewa kamfanin yana cikin jerin masu lasisin takaful da NAICOM ke wallafawa a shafinta na intanet. Idan ta hannun dillali ko wakili za ka bi, ka nemi shaidar rajistarsa, kuma kada ka tura kuɗi sai a asusun banki mai sunan kamfanin. Takardar bogi ba ta biyan kowa ranar gobara.

Ka tanadi shaidar mallaka. Idan kana da takardar mallaka ta gwamnati, to madalla. Idan kuma takardar saye ce mai sa hannun shaidu da mai unguwa ko dagaci, ko takardar rabon gado ta kotu, ka nuna ta tun farko ka ji ko sun karɓa. Idan gidan gado ne da ba a raba ba, sai da yardar sauran magada, kuma diyya idan ta zo ta kowa ce gwargwadon rabonsa.

Ka faɗa musu a sarari cewa gidan haya ne, ba kai ke zaune a ciki ba. Tsarin gidan da mai shi ke ciki daban yake da na gidan haya.

Adadin da za ka rubuta shi ne kuɗin sake gina gidan a farashin yau, ban da kuɗin fili, domin wuta ba ta cin fili. Ka sa magini ya lissafa maka bulo da siminti da rodi da katako da kwano da ladan aiki. Idan ka rage adadin don kuɗin shekara ya yi sauƙi, za a rage maka diyya da gwargwadon haka. Misali, gidan da sake gina shi zai ci naira miliyan 12, ka rubuta miliyan 6, sai wuta ta yi ɓarnar miliyan 4: miliyan 2 za a ba ka, domin rabin gidan ka kare. Kuma da yake farashin kayan gini yana tashi, ka sake lissafi duk shekara.

Ka nemi a karanta maka abin da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Asalin kariyar gobara ta ƙunshi wuta da tsawa. Guguwar da ke yaye kwano, da ambaliya, da tarzoma, da ɓarnar ganganci, yawanci ƙari ne da sai an rubuta su. Haka ma asarar kuɗin haya na watannin gyara, kuma wannan yana da muhimmanci gare ka tunda da shi kake biyan makaranta. Ka tambayi nawa ne kason farko na asara da kai za ka ɗauka da kanka, da ladan wakilcin kamfani, da yadda ake raba rara.

Ka sani kariya ba ta fara aiki sai an biya kuɗin. Ka karɓi rasit da takardar yarjejeniya, ka ɗauki hotunan gidan ciki da waje, ka ajiye su a wani wuri ba a gidan ba. Idan abu ya faru, ka sanar da kamfani nan take, ka samo rahoton 'yan kwana-kwana ko na 'yan sanda, kuma kada ka fara gyara sai mai ƙiyasta ɓarna ya gani. Idan aka hana ka haƙƙinka, NAICOM tana da sashen karɓar koke.

Na bakwai: abubuwa uku da suka shafi yankinku

Na ɗaya, harin 'yan bindiga. Kowa ya san abin da yankin ya gani, har da sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Yarjejeniyar gobara ta yau da kullum tana cire yaƙi da tawaye da ta'addanci. Saboda haka ka yi tambayar kai tsaye: idan 'yan bindiga suka cinna wa gidan wuta, za ku biya? Ka nemi amsar a rubuce cikin takardar, domin maganar bakin wakili ba ta ɗaure kamfani. Idan sun ce ba sa ɗauka, ka san cewa gobarar girki da ta lantarki da iska kawai ka kare, sai ka auna ko hakan ya ishe ka.

Na biyu, zaman gida babu kowa. Yawancin yarjejeniyoyi suna dakatar da kariya idan gida ya wuce kwana 30 babu mai zama kuma ba a sanar ba. Idan 'yan haya suka tashi saboda tsoro ko ƙarewar haya, ka sanar da kamfani a rubuce.

Na uku, irin ginin da abin da ake yi a ciki. Ginin bulo da kwano ya fi samun karɓuwa a kan ginin ƙasa ko rufin ciyawa. Idan wani sashe na gidan na ƙasa ne, ka faɗa. Idan ɗan haya yana sayar da fetur a galan, ko ya kafa injin niƙa, ko yana tara auduga ko kara a tsakar gida, wannan ma ka faɗa, kuma ya fi kyau ka hana ajiye fetur a cikin yarjejeniyar haya.

Ɓoye ɗaya daga cikin waɗannan algus ne, kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya barranta daga mai algus kamar yadda Muslim ya ruwaito. A takaful abin ya fi muni, domin kuɗin da za ka karɓa da ƙarya na 'yan'uwanka ne da suka zuba don taimako. Haka nan ƙara yawan ɓarna a takardar neman diyya cin dukiyar mutane ne da ƙarya.

Na takwas: idan babu kamfanin takaful da ya karɓi gidan

Wannan ba ya halatta maka komawa ga ta kasuwanci a abin da ba a tilasta maka ba. Ka ware wani kaso na kuɗin haya duk shekara don gyara da ko-ta-kwana. Ya halatta ku haɗu da wasu masu gidaje ku kafa asusun gudummawa, ku rubuta sharuɗɗansa, ku damƙa shi ga amintattu biyu ko uku. Ka kira mai gyaran wuta ya duba wayoyin gidan kafin hunturu, ka sa kafinta ya ƙarfafa rufi kafin damina, ka gyara magudanar ruwa. Gyaran da zaman gida ba ya yiwuwa sai da shi dama a kanka yake, kuma rayukan mutanen da ke ciki sun fi ginin daraja.

Muna roƙon Allah Ya tsare maka dukiyarka, Ya sa albarka a cikinta, Ya dawo da zaman lafiya a yankinku da sauran ƙasashen Musulmi.

Allah ne Mafi sani.